Shingen Furen Bakin Get

Litinin, 4 ga Maris
Yau aka gama addu'ar kwana tara da rasuwar mijina Eusebio. Jama'a sun watse, sun bar ni da kujeru da wankin kofuna.

Alhamis, 7 ga Maris
Kowa zagin direban motar raken da ta buge shi yake. Ni ma na zage shi, kuma na ji daɗi da na sami wanda zan zaga. Shekara shida Eusebio yana tsallaka titin bakin unguwarmu a 'yar ƙaramar motar nan ta 'yan wasan golf, daga gida zuwa filin wasa. Mutumin da ko cokali ba ya ajiyewa a karkace, a ce bai duba hanya ba?

Talata, 12 ga Maris
Kwamitin unguwa ya kawo injiniya, Yocasta, sa'ar 'yata. Na zaci fitilar ba da hannu za ta ce a sa. Ta ce wannan sai gwamnati, kuma ba yau ba. Abin da ke hannunmu, in ji ta, shingen furen trinitaria ne, mai ƙayar nan, na bakin get ɗin unguwa. Mai babbar mota yana hango titi ta samansa. 'Yar motar golf kuwa ƙasa-ƙasa take, sai ta hau kwalta kafin mai ita ya ga abin da ke tahowa ta hagu.

Ba wanda ya kalle ni. Da sun kalle ni ma da ya fi min sauƙi.

Ni na dasa shi. Bara da maigadi Wilfredo ya roƙi a rage masa tsayi, ni na miƙe a taro na ce aikinsa buɗe get ne, ba lambu ba. Aka yi dariya. Eusebio ya ɗaga hannu ya goyi bayana, kamar kullum.

Laraba, 13 ga Maris
Me ta sani, yarinyar da jiya ta bar makaranta.

Asabar, 16 ga Maris
Maƙwabciyata Doña Remedios ta kawo min sancocho, farfesun nama da rogo, da zafinsa. Ta ce kwamiti ba zai taɓa shingen ba sai na yarda, kada a ƙara min ciwo. Ita ma kullum ta nan take tsallakawa zuwa coci, da idonta da ba ya gani sosai. Ba ta yi zancen ba. Ban iya cin abincin ba.

Laraba, 20 ga Maris
Na ari 'yar motar golf ta Doña Remedios na je get, na tsaya kan farin layi inda ake tsayawa. Na duba hagu. Fure, ja ƙwarai, kyakkyawa. Na ji ƙarar babbar mota, ban gan ta ba sai da ta wuce ta gabana, iskarta ta buge ni.

Wilfredo ya fito ya tambaya ko ya tare min hanya. Na ce, "Wilfredo, tsakaninka da Allah, ranar Eusebio ya duba?"

Ya cire hularsa. "Ya duba, Doña Amparo. Sau biyu."

Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba. Zuciyata kamar ta fashe.

Juma'a, 22 ga Maris
Ban ce wa kwamiti komai ba, ba kuma zan ce ba. Na dai ɗauki adda da sassafe na nufi shingen. Wilfredo ya miƙo hannu zai karɓa, na hana shi, sai ya koma yana jan rassan gefe. Ƙaya ta yayyage min hannu, da ƙyar nake riƙe biro.

Yanzu shingen iya gwiwa yake. Daga layin ana ganin titi har can kwana. Ana ganin wurin da ya faɗi ma. Na duba.