Keken Tanimun a Hanyar Tawa

Tajaye, bayan girbi

Zuwa ga aminina Tanimun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta same ka da sauƙi. Yaya jiki? Yaya ɗiyarka Zara da maigidanta, da zaman Tawa? Na kira wayar Zara sau biyu, ta ce tun da ciwon da ya kama ƙafarka ya taɓa kunnenka ba ka jin magana ta waya, amma ido na nan garau. Shi ya sa na nemo alƙalami.

Kekena ya kwanta. Ina dawowa daga kasuwar Badaguishiri da akwatin koli a baya, tayar baya ta fashe, fashewar da ta fi ƙarfin faci. Na tura shi da hannu har gida. Na shiga Konni neman taya lamba ashirin da takwas, na zaga layin masu kayan gyara kaf. Ko'ina tayar babur ce, saboda 'yan kabu-kabu. Na samu guda ɗaya a ƙuryar wani shago, amma ta bushe, ina lanƙwasa ta sai tsaga ta bayyana.

Na san dariya kake yi. Shekara talatin muna bin kasuwanni tare, kana cewa ƙaramar ƙafar keke mai faɗin taya ita ce ta ƙasarmu, ni ina cewa babbar ƙafa ta fi cin hanya. Har yanzu ban sauka daga maganata ba.

Yakuba mai gyaran keke ya ce ko na sa wa nawa ƙananan ƙafafu, birki ba zai kai gare su ba. Ya tuna mini naka yana jingine a zaurena, lamba ashirin da shida, wadda ake samun tayarta ko'ina. Na ce masa mai shi yana dawowa. Kowace Juma'a ina goge shi, ina ɗiga wa sarƙar mai. Gida shiru, ka san yadda yake tun rasuwar matata Balaraba. Yaushe likita ya ce za ka taka?

Naka,
Labo

Tajaye, cikin sanyi

Aminina Tanimun,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya sanyi? A gaida Zara, Allah Ya yi mata albarka.

Takardarka ta iso ta hannun direban tasha. Na karanta ta sau uku kafin na yarda da abin da ke ciki. Ashe tun watan jiya aka yanke maka ƙafar, kai kuwa ka hana a faɗa mini. Na ji haushinka wuni guda, daga nan na rasa inda zan aje haushin. Allah Ya sa kaffara ce.

Ka ce in ɗauki keken. Na ɗauka, amma ba don kasuwa ba. Tawa zan zo a kansa. Mutane sun ce tsoho kamar ni ya shiga mota, na ce ban taɓa zuwa wurinka a mota ba.

Na kai shi wurin Yakuba, muka ɓata hantsi guda kan zaɓen taya. Ya fito da wata mai manyan haƙora, ya ce ƙaya ba ta huda ta. Na ɗaga ta na ji nauyi, na ce wagga za ta cinye mini gwiwa a kan kwalta kafin in yi rabin hanya. Siririyar da ya nuna mini kuma, yashin da ke tsakaninmu da babbar hanya zai haɗiye ta. A ƙarshe na sa mai kauri a baya, inda nauyi yake, na sa mai matsakaicin faɗi da santsin tsakiya a gaba. Na sayi robar ciki biyu da kayan faci.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne sirdi. Ka san na fi ka tsawo, da na hau sai gwiwata ta kusa taɓa kan keken. Dole a ɗaga shi. Ƙarfen ya yi tsatsa daidai inda ka ɗaure shi tun ranar da ka saye shi, sai da Yakuba ya zuba mai ya buga da guduma. Da ya motsa, na ce masa zan je in yi alwala, ko da yake azahar da saura.

Ina tasowa ranar Litinin in Allah Ya yarda.

Amininka,
Labo

Tajaye, ranar da na dawo

Tanimun,

Ina gaisuwa. Yaya na baro ku? Ka yi wa Zara godiya kan ɗawainiya da guzuri.

Kwana biyu na yi a wurinka, ban faɗa maka komai ba. In na buɗe baki sai in ga kana bin leɓena da ido kana wahala, sai in yi shiru. Ka sa aka turo keken bakin tabarmarka, ka danna tayar baya da babban yatsa, ka ce, "Iska ta yi yawa, Labo." Ka dubi sirdin ka daɗe. Ni ma na sunkuyar da kai.

Ga abin da na so in ba ka labari. A zuwa, yashin bayan gari bai sauke ni ba ko sau ɗaya, na rage iska kamar yadda kake yi, keken ya bi ta kai ya wuce. A kan kwalta kuwa na sha feda har cinyata ta yi rawa, da nawa ne, da ya fi sauri. A Badaguishiri na kwana. Mai shayin bakin tasha ya gane keken tun daga nesa, ya ɗauko kofi biyu, sannan ya ga ni kaɗai ne. Ya mayar da ɗaya, ya tambayi jikinka.

A dawowa ƙaya ta huda tayar gaba a wani fili da babu inuwa. Na kifa keken, na cire robar, na miƙa hannu gefe don ka ba ni gam ɗin faci kamar yadda ka saba. Sai da hannun ya gaji na tuna a aljihuna yake.

Zara ta raka ni bakin ƙofa, ta ce ba za ka koma Tajaye da zama ba, a can ne kake kusa da asibiti. Ta yi daidai, kada ka yi mata gardama. Ni zan riƙa zuwa duk wata biyu, muddin gwiwa ta yarda.

Na shigo gari da la'asar sakaliya, na jingine keken, na share zaure, na dafa shayi. Babu wanda ya tambaye ni yadda hanya take, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne naka,
Labo