Firjin Jirgin Baban Yara

Litinin, 3 ga Maris

Firjin jirgi ya sake mutuwa. Da safe na buɗe, kifin jiya duk ya saki, ido ya yi fari. Rabi na zubar.

Wata shida ke nan da rasuwar Baban yara, wata guda da na karɓi jirginsa na ruwa, kuma firjin nan bai taɓa wayar gari da sanyi ba. Ƙanena ke tuƙi, ni ke sayen kifi a hannun masunta a tsallake in kawo kasuwa. Tuƙi dai ya iya. Wayar lantarki kuwa, ko ta rediyo ba ya taɓawa.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ya zo, wan Baban yara. Ko zama bai yi ba. Wai ya samu mai sayen jirgi, zai kawo shi Juma'ar sama. "Ke ma ki huta mana. Kullum kifi na ruɓewa a hannunki." Na ce Yaya a ƙara mini lokaci. Ya ce in firji ya tashi kafin ranar, ya janye bakinsa.

Ba mugunta ba ce, na sani, yaran yake dubawa. Amma da jirgin nan aka ciyar da mu shekara goma sha tara.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira mai gyara, dattijon nan da ake ce wa Injiniya. Ya ɗora mita a batir, ta nuna sha ɗaya da ɗigo huɗu. Ya ce batir ɗin yunwa yake ji. Kawunan batir sun yi farin gari kamar gishiri. Ya sa na zuba ruwan zafi, na goge, shi ya ɗaure da sifana. Ya koya mini duba mita, ja ga ja, baƙa ga baƙa. "Hajiya, in kika bari sifana ta haɗa kawunan nan biyu, sai dai mu tsinto ki a tsallake." Na yi dariya don kar ya ji kunya.

Juma'a, 7 ga Maris

Bai yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na wanke farantin sola, duk kashin tsuntsu. Na canja fis. Na ari batir a jirgin maƙwabta, ni da ƙanena muka ɗauko, bayana har yanzu bai yafe mini ba. Duk ɗaya. Da yamma mita sha biyu da ɗigo shida, da safe ta faɗo sha ɗaya. Injin firjin ba ya hutawa, gurnani yake ta yi har ya yi ƙas ya tsaya.

Na zauna a ƙasan jirgi na yi wa Baban yara faɗa. Ka tafi ba ka nuna mini komai ba. Astagfirullah. Kamar shi ya zaɓi ranar.

Talata, 11 ga Maris

Injiniya ya dawo. Yau ko mita bai fito da ita ba. Ya tsaya yana saurare, ya ɗora tafin hannu a gefen firji, ya janye da sauri. "Wannan ai zazzaɓi yake yi. Wa ya toshe masa hanci?" Ya ce mu jawo shi daga jikin bango.

Tun kafin mu jawo na tuna.

Rigar ruwan Baban yara. Ranar da na fara shiga jirgin na same ta a ƙusa, har da shatin kafaɗarsa. Na kasa kallonta, na kasa kai ta gida yara su gani. Na dunƙule na cusa bayan firji. Ashe ta nan fanka ke fitar da zafi. Injin bai samun iska, sai ya yi ta aiki ba hutu har ya shanye batir.

Injiniya ya sunkuya ya zaro ta. Ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini da hannu biyu, ya fita wai zai duba igiya. Ya daɗe yana duba igiyar, Allah ya saka masa.

Wata guda ina zagin batir.

Laraba, 12 ga Maris

Sha biyu da ɗigo uku da safe. Kifi da sanyi har yana ƙandarar da yatsa. Na zata zan yi murna. Gajiya kawai.

Juma'a, 14 ga Maris

Yaya ya zo da mutumin. Na buɗe firji na ce, Yaya sa hannu. Ya sa, ya daɗe bai cire ba. Ya juya ya ba mutumin haƙuri. Da zai tafi ya ce, "Ashe taurin kan ba marigayi kaɗai ba ne."

Da rana hadari ya taso, ga masunta na jira. Ba wata rigar ruwa a jirgin, ta Baban yara na saka. Hannuwan sun yi mini tsawo, sai shiga ruwan kifi suke yi. Da muka dawo na sa almakashi na rage su, na kalmashe bakin. Ta zauna mini daidai.

Don aiki ne kawai.