Ni Na Cire Katakon Totur, Wani Aka Karya

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana, ko inuwar hotona kar ta fito, don akwai 'yan unguwarmu a gidan nan, ina ganinsu suna kwament kamar mutanen kirki. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, masu zagi kuma ku ɗan yi haƙuri in gama, zan bar muku fili.

Ni ɗan Yalwawa ne a nan Dutse, shekarata ashirin da biyu, karatu na tsaya a aji biyar na sakandare, ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka duba muka ga ba mu dace da juna ba. Aikina bin yayana, yana sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka yana kawowa gari, ni ne mai ɗaure buhu, ni ne mai surutu. Yaya tsohon ɗan dambe ne, ya bar damben amma damben bai bar shi ba. Haƙorina na gefe tun ina ɗan sha biyar ya yi sallama da ni, saboda na ɗauki babur ɗinsa ban tambaya ba. To ku riƙe wannan, ku san da wa nake zaune.

Bara ya sayo wata jif ta hannu a Kano, irin dogayen nan masu shiga yashi da taɓo. Kyau kam tana da shi, amma tana shan baƙin mai kamar kunun azumi, in ta tashi da safe sauron layinmu duk sai ya yi ƙaura. Da damina ta kama injin ya gaji gaba ɗaya. Wasu suka ce a sayo inji ɗan Kwatano a ɗora, wasu suka ce a sauke nata a sake masa kayan ciki. Muka je wajen bakanikenmu, bari in kira shi Oga Iliya, mutumin Filato ne, ya daɗe a Dutse tun kafin a haife ni, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ce injin Kwatano sa'a ne, ba ka san wahalar da ya sha a can ba, gara a buɗe wanda ka sani. Yaya ya sayar da bijiminsa, aka sauke inji, aka sa sabon fistin da ring da gasket, sati uku muna zarya gareji ina cinye wa Oga Iliya gyaɗa yana korata.

To shi Oga Iliya yana da wata al'ada da duk garejin suka san shi da ita. In ya sake wa inji kayan ciki, sai ya ɗaure guntun katako da waya a ƙarƙashin totur, yadda ko ka taka iya ƙarfinka ba zai wuce rabi ba. Wai sabon ring sai an lallaɓa shi ya zauna, sati uku ana tafiyar amarya, sannan ka dawo ya juye mai ya kwance katakon da hannunsa. A gabana ya gaya wa Yaya duk wanda ya cire katakon nan kafin lokaci to ya kashe injin, kar a dawo masa da kuka. Har ya nuna ni da sifana ya ce musamman wannan mai bakin. Muka yi dariya.

Kwana shida da ɗaukar mota Yaya ya tafi Kano ta'aziyya a motar haya, ya bar mini makulli, ya ce da safe in tayar da ita in zaga layi sau ɗaya in ajiye. Ranar kuma ake ɗaurin auren wani abokinmu a wani ƙauye ta wajen Miga. Wallahi niyyata in kai abokai a hankali mu ci shinkafa mu dawo. Amma kun san samari in an shafa fatiha, sai an yi wasan mota a filin makaranta. Ina tsaye ina kallo ana juya ƙananan motoci ƙura na tashi, sai aka fara yi mini tsiya, wai na zo da kaka, wai jif ɗin yayana jaki ma zai wuce ta yana cin ciyawa. Ni da nake tsokanar gari guda, yau ni ake yi wa dariya a gaban 'yan mata. Na ari filaya, na kwance wayar, na jefa katakon bayan kujera.

Jama'a na taka motar nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi daɗi, har guɗa aka yi mini. Na juya ta ya fi sau goma, a hanyar dawowa kuma na sake mata wuta don in wuce wanda ya kira ta kaka. Mun kusa gari na ji ƙwas ƙwas ƙwas daga ciki kamar ana daka, jan fitila ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Inji ya buga. Wani mai tifa ya ja mu har bakin layi, muka tura ta gida, na wanke ƙurar tas, na mayar da katakon na ɗaure shi da wayarsa. Abokan da muka je tare na ce musu duk wanda ya yi magana tare Yaya zai haɗa mu, kuma sun san shi, bakinsu ya mutu.

Da Yaya ya dawo washegari na ce masa ina cikin zaga layi kawai na ji ƙara. Ya leƙa ya ga katako yana nan daram. Ya sa aka ja motar zuwa gareji da hantsi, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari.

Abin da ya faru a garejin shi ne yake hana ni cin abinci. Yaya ya ce an sa masa jabun kaya an sayar da nagarin, Oga Iliya ya ce a bari ya duba tukuna. Ya buɗe ƙofar direba ya sunkuya yana kallon totur, ya ɗan jima, ya ɗago ya kalle ni. Kafin ya buɗe baki Yaya ya sauke masa naushi a muƙamuƙi, ya faɗi kan tiren baƙin mai. Ya yunƙura zai tashi, Yaya ya ɗauki sifanar taya. Mutumin ya ɗaga hannu ya kare kansa, ƙarfen ya sauka a hannun, na ji ƙarar ƙashi da kunnena, irin ƙarar karan dawa busasshe. Bai tsaya ba, ya ƙara masa a haƙarƙari, ya taka shi, jini da baƙin mai suka haɗu a ƙasa har ba ka bambance su. Ni kuma me nake yi? Ina ihu ina cewa ɓarawo ne, a ba shi, macuci. Muryata ta fi ta kowa. Na ga kallon da ya yi mini, tsoro nake kar ya samu numfashin da zai yi magana.

Sauran makanikai suka taso da ƙarafa, aka fasa wa Yaya goshi da bakin jak, aka ragargaza gilashin jif ɗin gaba da baya, ni ma na samu rabona a gadon baya, har yau a kife nake kwana. Da ƙyar dattawan garejin suka shiga tsakani. Yaya ya kwana biyu a hannun hukuma, manya suka sa baki aka ce a dawo da maganar gida, mai unguwa da shugabannin makanikai su zauna a kanta.

Shekaranjiya Umma ta dafa farfesu ta ce in kai wa Oga Iliya a ɓoye, don ita kunya ta hana ta fita ko maƙota. Na so in zille, ta ce in ban je ba ita za ta je da ƙafarta. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, hannun hagu a ɗaure har kafaɗa, baki a kumbure, matarsa ta karɓi kwanon ba ta ko dube ni ba. Na fara 'yan shaƙiyancina na ce Oga ka ga yanzu ka samu hutu, babu wanda ya yi dariya. Ya sa matar ta shiga ɗaki, ya ce in matso.

Ya ce, "Ɗana, ni bahago ne. Wayata ta hagu nake murɗa ta, shekara talatin. Wadda na gani a motar nan ta dama aka murɗa."

Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ni yayanka ya yi wa haka a kan zato. Kai me zai yi maka a kan tabbas?"

Ya ce ba zai kira sunana ba, ko ya kira ma wa zai yarda, an riga an kwance wayar a rikicin. Ya ce in tashi in tafi, in gaishe da Umma. Hannun da aka karya shi ne hannun da yake aiki da shi, mai ɗori ya ce ko ya warke ba lallai ya iya riƙe sifana kamar da ba.

Yanzu ga inda maganar take. Ranar Asabar za a zauna a garejin. An buɗe injin, komai ya narke ya cakuɗe, masana sun ce ba za a iya gane jabun kaya ne ko ganganci ba. Don haka magana ta dawo kan katako, an cire ko ba a cire ba, kuma ni kaɗai ne mota take hannuna. Yaya ya ce zan yi alwala in dafa Alƙur'ani a gaban kowa in rantse ban taɓa shi ba. In na rantse, shugabannin sun ce za su karɓe gurbin Oga Iliya a garejin, sunansa ya ɓaci a matsayin mai sa jabu, ga hannu babu, ga 'ya'ya a makaranta. In na faɗi gaskiya, maganar Yaya za ta koma kotu, ya rasa inji, ya rasa bijimi, ya daki dattijo a banza, kuma duk a kaina zai sauke. Ba wasa nake ba, na ga idonsa ranar nan, bai san inda yake tsayawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar Yaya yake ji da ni. Jiya har tsire ya sayo mini, yana dafa kafaɗata yana gaya wa abokansa ƙaninsa ya tsaya masa a gareji kamar namiji. Na karɓi tsiren na cinye. Na yi tunanin in gudu Garki wajen gwaggona, amma in na ɓace ranar Asabar ai na amsa laifi ke nan, kuma ya san gidan. Na yi tunanin in gaya wa Umma, amma tana da hawan jini, kuma ko ta shiga tsakani ba ta da ƙarfin riƙe shi. Rantsuwar ƙarya kuwa, ni ba malami ba ne, sallar asuba ma sai an yi da gaske, amma ko ni na san ba a dafa Alƙur'ani a kan ƙarya a kwana lafiya.

Yau Alhamis, kwana biyu ya rage. Ku gaya mini, in same shi a gida shi kaɗai kafin ranar, ko in bari sai a gaban jama'a inda akwai masu riƙe shi? In fara zuwa wajen mai unguwa ne ya kira shi? Akwai hanyar da zan wanke dattijon nan ba tare da an kwashe ni a tabarma ba, ko dai in shirya jikina kawai? Masu zagi bismillah, na ci a zage ni. Amma in akwai wanda ya taɓa gaya wa irin Yaya gaskiya ya tashi da ƙafafunsa, don Allah ya rubuta mini kalmar da ya fara da ita.