Nonon da Na Tafasa

Litinin, 3 ga Maris

Sun kwantar da 'yata a asibiti. Kwananta goma sha tara a duniya, ga ciki ya kumbura yana sheƙi, ga kashi kore mai wari. Tsinke muke ce mata saboda ƙanƙanta, yau ko sunan na kasa faɗa. Tsoro nake ji.

Talata, 4 ga Maris

Likita ta ce an dakatar da ba ta nono, sai ƙarin ruwa da allura. In kumburin bai sauka ba nan da mako guda, tiyata za a yi, a yanke inda hanjin ya lalace.

Shekarata takwas a ɗakin wanke kayan tiyata. Ni ke dafa almakashi da wuƙaƙe in jera su a faranti. Na san tsawon kowace wuƙa, na kuma san tsawon cikin 'yata. Da ma ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ta zaunar da ni tana tambayar yadda nake shayarwa. Na ce Tsinke ba ta iya kama nono ba, tatsa nake yi in ba ta da cokali.

"Nan take kike ba ta?"

Na ce haba, a'a. Sai na goge kan nono da sifirit, in tatsa, in tafasa, in bari ya huce. Wallahi har da alfahari na faɗa. Sai ta ajiye biro.

Abin da na iya riƙewa: wai hanjin jariri kamar sabon gida ne, wanda ya riga shiga shi ke zama. Nonon uwa da fatarta suna ɗauke da ƙwayoyi na kirki. Wasunsu na fitar da wani ɗan sinadari da ke huda mugayen ƙwayoyi ya kashe su, ya hana su samun wurin zama. Na kirkin nan nake bi ina dafewa, sau takwas a rana.

"Ba zan ce ke kika jawo ba, 'yar'uwa. Bakwaini ce, kuma ta sha magani mai ƙarfi tun haihuwa. Amma kada ki sake."

A wurin aikinmu babu wata ƙwaya ta kirki. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Juma'a, 7 ga Maris

Babanta ya ce, "Ke da ko ƙuda bai isa ya ratsa ɗakinki ba, ina yarinyar nan ta kwaso wannan?" Inna ta ɗago ta dube ni. Ta sha ganina da tukunyar, har ta taɓa cewa tunda take ba ta ga an dafa nonon mutum ba, na ce mata zamani ne. Ba ta tona ni ba. Na fita baranda na yi kukana.

Lahadi, 9 ga Maris

Sista mai kula da ɗakin ta auna cikin. Ya ragu da santimita ɗaya. Ban yarda in yi murna ba.

Talata, 11 ga Maris

An fara ba ta nono ta siririn bututu, ɗigo-ɗigo. Ɗanye. Sista ta ce, "Maman Tsinke, wanke hannu da sabulu, shi ke nan." Na miƙa mata kofin nonon, kamar na ba likitan tiyata wuƙar da ba a dafa ba. Duk motsin da yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi.

Asabar, 15 ga Maris

Likita ta danna cikin ta ce a ajiye zancen tiyata, amma a ci gaba da sa ido. Kashin ya koma rawaya, da ɗan tsami-tsami. Sau biyu na shinshina, ni ɗin nan.

Da azahar Sista ta ɗora mini ita a ƙirji. Ta yi ta lalube, kawai sai ta cafke. Da kanta! Sai a lokacin na tuna daga tasha na tako a ƙasa, gumi duk ya jiƙa mini riga. Na kai yatsa bakinta zan zare nonon.

Ban zare ba. Don kada ta tashi 'ya'yan mutane da kuka ne kawai.