Wurin da Burushi Yake Tsallakewa

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Na san lafiya lau za ka ce, don kai ko jini kake zubarwa haka za ka ce. Ni na iso gidan Yaya lafiya, ita da mijinta suna gaishe ka.

Ka daina birkice ɗaki. Burushinka na aski yana cikin jakata, shi da ɗan kwanon sabulun. Ni na ɗauke su, kuma da gangan na yi.

Tun da ka auro ni nake kallon askinka, har na fi ka sanin yadda kake yi. Ka jiƙa burushi a ruwan ɗumi, ka yarfe, ka murza shi a kan sabulu, sannan ka hau kunci kana juyawa, kana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, har kumfa ta tashi ta yi kauri ta rufe ka daga kunne zuwa kunne. Ƙofar banɗaki a buɗe, kana fito, ni ina haɗa shayi. In na zo wucewa ka dangwala min kumfa a hanci, in yi ta yi maka tsiya kana dariya. Haka yaranmu suka taso suka same mu, har suka tafi nasu gidajen.

To yaushe ka fara rufe ƙofa? Ce maka aka yi makauniya ka aura? Ranar da iska ta tura ƙofar na hango ka a madubi. Burushin ya zagaye kuncin dama yadda ya saba, da ya iso ƙarƙashin muƙamuƙin hagu sai ya tsallake. Ka ɗebo kumfa da ɗan yatsa ka ɗora a wurin a hankali, kana runtse ido. Da ka share fuska na ga ƙullutun da kake rufewa da wuyan riga. Na tambaye ka, ka ce reza ce ta yanke ka. Wace irin reza ce take yankan mutum ya yi ƙullutu kamar ƙwan tantabara, kullum kuma sai ƙara girma yake?

Na roƙe ka mu je asibiti, ka ce masifata ce ta motsa. Na yi kuka, ka ɗauki hularka ta aiki ka fice. To ga masifar nan ka gani. Na san manajan otal ɗinku ba ya barin mai tsaron ƙofa ya tari baƙi da gashi a fuska, kai kuwa ba ka iya aski sai da wannan tsohon burushin. Ranar Litinin da safe zan zauna a bencin asibiti da jakata. In ka zo, ka karɓi kayanka.

Akwai miya a firji. Ka ɗumama, kada ka ci da sanyi don lalaci.

Taka,
Masifatu, kamar yadda ka raɗa min.

Maigida,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanci gaisuwar ba. Yaya aiki? Yaya wuyan, tunda kai ba za ka tambaye shi ba?

Litinin na zauna a bencin nan tun ana sharar baranda har masu ba da kati suka tashi. Duk wanda ya shigo sai na ɗaga kai. Har wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ni ce marar lafiyar. Wallahi ka ba ni kunya.

Saƙonka ya iso ta bakin mijin Yaya. Wai in dawo gida in daina abin yara, za ka je in aiki ya lafa. Aikin buɗe wa mutane ƙofa ne zai lafa? Ya kuma gaya min abin da ka ce kada ya faɗa. Wai in aka yanka maka wuya otal ba za su tsayar da mai tabo a ƙofa ba. Wai kuma yayanka da ƙafarsa ya shiga asibiti, aka fito da shi a kwance. Haba Maigida! Yayan naka sai da ya kasa haɗiyar ruwa sannan ya yarda aka kai shi, ka sani na sani. Ni na riƙe matarsa ranar da ya rasu tana faɗuwa. Wa ka tanada ya riƙe ni?

Daga asibiti otal ɗin na wuce, na tsaya a tsallaken titi wajen mai jarida. Na gan ka da filasta a haɓa, ka yi aski da sabulun wanka da yatsu ka yanyanka kanka. Ka ɗaga kwala cikin zafin nan, kowane baƙo ya zo sai ka juya masa ɓangaren dama, kana washe baki kana ɗaukar akwatinsa. Mutanen da ba su san ko sunanka ba su kake lallaɓawa, ni kuma da na haifa maka 'ya'ya ka rufe min ƙofa. Saura kaɗan in tsallako in finciko kwalar nan a gabansu.

Jiya na gwada burushin a bayan hannuna. Kumfar ta ƙi tashi, ta yi ruwa tsululu ta zube. Na yi jifa da shi don haushi, na dawo na ɗauka na wanke. Ashe ƙamshin da nake cewa naka ne na sabulun nan ne. Ban ci abinci ba ranar.

Gobe zan koma bencin, jibi ma haka. In mako ya ƙare ban gan ka ba zan kira babbar 'yarka in gaya mata komai. Ka san ta fi ni baki, kuma ita ba ta jin kunyar manaja.

Matarka da ka raina,
Masifatu.

Maigida,

Sannu da jiki. Da fatan ka samu barci, kuma tsohon da ke gadon kusa da kai ya rage tari.

Rubutowa na yi don in na buɗe baki a ɗakin nan sai an fitar da ni. Kada ka ɗauka don ka zo na huce. Ka ji dai abin da likita ya ce a gabanka: da tun farko ka zo, ɗan tsagi kaɗan zai yi, yanzu kuwa sai ya yanka tun daga kunne, kuma sai an duba abin da aka ciro kafin ya ce mana komai. Ka sunkuyar da kai. Ni kuwa na daɗe a zaune bayan likitan ya fita. Tsoro nake ji, Maigida, kuma kai ka jawo mana. Zancen otal kuwa, in sun ƙi mai tabo su riƙe ƙofarsu, ni ina so.

An ce gobe da safe za a aske wurin kafin a shiga da kai. Na ga yadda suke yi, a shafa ruwa a kankare mutum. Na roƙi babbar ma'aikaciyar, ta yarda ka haɗa kumfarka da kanka. Ga burushinka nan a cikin tawul, da kwanon. Zan zo da ruwan ɗumi a fulas, ni zan riƙe maka madubi.

Amma ka ji sharaɗina. Ba za ka juya min ɓangaren dama ba. Burushin nan zai bi ko'ina, har wurin, ko da zafi, ina kallo. In kumfa ta tashi kuma, kada ka kuskura ka shiga ɗakin tiyata ba ka ba ni tawa ba. Hancina ya daɗe yana jira.

Taka har kullum,
Masifatu.