Bammi a Ƙullun Fesaha

Litinin, bayan Lahadin Hosanna

Zuwa ga maigidana Kora Acayan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Ya zafin Maskat, ya aiki, ya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Ni da 'yarka Sini lafiya lau muke, sai dai mahaifiyarka, Ammaci.

Acayan, na gaji da yi maka rufa-rufa. Ammaci ba ta samu sauƙi ba. Shekara ta zagayo har ta wuce da binne mahaifinka Appaccan, amma tana nan yadda ka bar ta, kwance, fuska ga bango. Kunun shinkafa ma sai ta ɗan taɓa ta ture kwanon. Likita ya duba ta ciki da bai, ya ce jiki ba komai, zuciya ce ta ƙi. In mun gama addu'ar yamma Sini ta je bakin ƙofa ta gaishe ta da yabon Yesu, ko amsawa ba ta yi. Matar da take sa mu sake Zabura daga farko in mun yi tuntuɓe a kalma ɗaya! Fada, limamin cocinmu, ya zo da kansa, ta rufe ido kamar mai barci. Jiya na karɓo mata ganyen kwakwarta mai albarka na Hosanna daga coci, ta ce in ajiye. Tsoro nake ji, kada wata safiya in kai mata shayi in tarar ta bi mijinta.

Ga Alhamis ta Fesaha ta ƙarato, ranar da kowane gida ke yin gurasar tunawa da jibin ƙarshe na Ubangiji. Bara muna makoki, ba mu hura wutar gurasa ba, maƙwabciyarmu Tiresiya ce ta kawo mana tata kamar yadda aka saba. Bana dole gidan nan ya yi tasa. Na tambayi Ammaci yadda ake yi, ta ce, "Yi yadda kika ga dama." Ka san mu mutanen bakin teku ba mu gaji wannan al'ada ba, kuma duk zamana a gidan nan ba ta taɓa bari na taka madafa ranar Fesaha ba. Tiresiya kuwa ba zan tambaye ta ba, kafin la'asar duk ikilisiya ta ji matar Kora ba ta iya ba. Ai shinkafa ce da kwakwa, kullum ina yin waina da su. Zan yi abina.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Filomina

Asabar, jajibirin Ista

Acayan nawa,

Yabo ga Yesu Almasihu, yau kam da dukkan zuciyata na rubuta shi. Ina fata kana lafiya, kuma wasiƙar nan ta riga waccan isa hannunka, don kada ka sha damuwa a banza. Zauna tukuna ka ji abin kunyar da matarka ta yi.

Laraba da yamma na niƙa shinkafa, na kwaɓa ƙullu mai kyau, na aika aka karɓo mini bammin kwakwa wajen mai hawan bishiya, na zuba na rufe, yadda nake yi wa wainar da kake cinye rabinta tun tana kasko. Da gari ya waye ƙullu ya tashi har yana ture murfi, ƙamshin tsami ya cika gida. Ina tsaye ina yaba kaina, sai na ji motsi a bayana. Na juya, ga Ammaci riƙe da ƙyauren madafa, kai ba gyara. Na ɗauka faɗuwa za ta yi.

"Mene ne wannan yake wari?" in ji ta.

Na ce ƙullun Fesaha ne, Ammaci.

"Me kika zuba?"

Na ce ɗan bammi ne, don ya tashi.

Acayan, rabon da in ji wannan murya tun Appaccan na da rai. "Bammi! Bammi a gurasar Ubangiji! Ke 'yar masu kamun kifi, a cocinku ba a karanta muku cewa marar yisti Ya ci ba? Wayyo ni, ina kwance ashe gida ya zama mashaya!" Har Tiresiya sai da ta leƙo ta katanga, Ammaci ta ce mata ta koma ta kula da tukunyarta.

Ni kuwa na tsaya baki buɗe, hawaye na zuba. Ta ɗauka zagin ne ya yi mini zafi, ta ce kuka ba ya jiƙa shinkafa, in ɗauko wata. Ta sa na kwashe ƙullun can bayan gida, na wanke dutsen niƙa har hannuna ya yi ja, na sauko da sabuwar tukunya daga saman rumbu. Ta ce ba za ta taɓa kayan nan da jikin kwanciya ba, sai da na kai mata ruwa ta yi wanka ta sa fararen kayanta. Na jawo mata kujera, ta zauna tana ba da umarni: wake kaza, tafarnuwa kaza, kwakwar nan ta tsufa a sako wata. Da ta ga yadda nake kwaɓi ta yi tsaki ta karɓe. Hannun nan da ya rame ya shiga ƙullu, sai na ji tana motsa baki. Addu'a take yi, Acayan. Na juya baya ina goge tukunyar da na riga na goge, don kada ta ga fuskata ta fasa.

Ta ce ina ganyenta na Hosanna. Na ɗauko, ta yaga da farce ta yi ɗan gicciye ta ɗora a kan gurasa ta farko, muka turara. Ruwan kwakwa da mazarƙwaila ma ita ta dama, ta ɗanɗana gishirin miyar rana ta ce ban iya ba. To wanda ya ɗanɗana ai ya fara ci. Ranar ta cinye kununta tas.

Coci dai ba ta iya zuwa ba, ƙafa ba ƙarfi. Da muka dawo da yamma muka tarar ta kunna kyandir ta shimfiɗa farin zane a tebur. Nan ne na lura wuƙa na ajiye a gaban kujerar Appaccan, kuma babu namiji a gidan da zai yanka. Ta daɗe tana kallon kujerar. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta koma ɗaki. Sai ta ce wa Sini ta buɗe Littafi ta karanta labarin jibin ƙarshe. Da yarinya ta gama, Ammaci ta miƙe ta dafa tebur ta yi addu'a da ƙarfi. Ta ambaci Appaccan da ainihin sunansa, ta ce, "Ubangiji, na yi fushi da Kai, Ka sani. Na gaji da fushin. Ka riƙe mijina, ni ma Ka riƙe ni." Ta cire gicciyen, ta yanka, ta tsoma a ruwan kwakwa, ta ci nata, ta ba ni, ta ba Sini. Naka ma ta yanka, ta ce Sini ta ci a madadinka.

Kada ka ɗauka komai ya koma daidai. Jiya Juma'a ta yi kuka sosai, amma a kafaɗata ta yi shi, ba a bango ba. Yau tun safe take bina da faɗa, wai na bar barkononta ya mutu, wai farin mayafinta na coci ban goge shi da kyau ba, gobe kuwa da shi za ta fita, in kira mata mai keke. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Tiresiya ta riga ta kai labarin bammi ko'ina, ana ta tsokanata a bakin rijiya. Su yi ta yi, ko a jikina.

Sini na gaishe ka, ta ce kada ka manta agogonta. Ka riƙa shafa man nan a bayanka. Ammaci ta ga ina rubutu ta ce in gaya maka, yankan gurasa aikin maigida ne, ta yi na bana don dole, baɗi ko a ƙafa ne ka taho, za ta tsaya a kanka ta ga ko ka iya.

Baɗi ta ce, Acayan. Da bakinta.

Taka har kullum,
Filomina