Tasar Ya Kellu a Tankin Murjani

Shehuri, Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Ajimi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aiki da zaman Jidda. Allah ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan lafiya lau, sai zafi. 'Yata Humaira ta fara tafiya, ba abin da ke tsira daga hannunta.

To Yaya, ka zauna tukuna, maganar tankin kifinka na ruwan gishiri ce. Kwanaki inbata mai ba mu wuta ta mutu ana tsakiyar zafi, fankar tankin ta tsaya, ruwa ya ɗumama. Gwaggonmu Ya Kellu ta ga kifi suna haki, ta sayo ƙanƙara. Ta tuna ka hana zuba ruwan daɗi a ciki, sai ta riƙa sa ƙanƙarar a tasarta ta tagulla, ta kayan aurenta, tana ɗorawa kan ruwan kullum, ni kuwa ina wurin aiki. Sai da na ga dodon koɗi suna faɗowa daga gilashi, murjanin da kake reno a ciki ya tsuke, gindin tasa ya yi kore, na ce innalillahi, gishiri ya ci tagulla, ta zama guba a ruwan!

Ban tsaya kuka ba. Na haɗa sabon ruwan gishiri a roba na kwashe murjanin, na yi ta canza na tankin, na sa gawayin tacewa da ka bari. Jatan landen da ke cikin tankin sun mutu, ba zan ɓoye maka ba. Yashi da duwatsun ma sun sha ƙarfen, ba zan mayar da murjani kansu ba. Amma koren murjanin nan da ka rena tun bai kai farce ba, jiya ya buɗe. Zai rayu in sha Allah, ka bar ni da shi.

Ya Kellu ce ta gagare ni. Ta daina cin abinci, wai ta ci amanar ɗanta. Har na kama ta za ta ba mai gwangwan tasar a matsayin tsohon ƙarfe, na ƙwace. Na san bakinka in ranka ya ɓaci, Yaya! Ka kira ta, kada ka ambaci jatan lande. Ka ce albarkacinta kifinka suka rayu, wallahi kuma gaskiya ne. Tasar tana ɗakina, ba za ta karɓa daga hannuna ba sai ta ji daga bakinka.

Ka gaida ɗan Kawu, Taufiq, da iyalinsa. Maigidana Imran yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Gumsu